Gwamnati a Kasuwar Inshorar Lafiya: Nazarin Muhawarar Amurka ta 2009 da Abin da Ya Biyo Bayanta

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi muhawarar da aka tafka a Amurka a 2009 a kan shawarar cewa gwamnati ta kafa inshorar lafiya tata, ta shigar da ita kasuwa ta yi gogayya da kamfanoni masu zaman kansu, kowa ya zaɓi wadda ta yi masa. An bi diddigin asalin shawarar da hujjojin ɓangarorin biyu, da yadda ta mutu a Majalisar Dattawa, ta kuma sake ɓullowa a wasu jihohi da wata kama. An jingina da abin da ya faru a Chile da Ireland da Jamus, inda inshorar gwamnati ta daɗe tana zama da ta 'yan kasuwa. Matsayar maƙalar ita ce, abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin irin wannan gasa tun kafin a fara ta: farashin da inshorar gwamnati za ta biya asibiti, da kuma wanda zai ɗauki nauyin marasa lafiya. Batun wane ne ya mallaki kamfanin, wanda a kansa aka fi ɗaga murya, yana bayan waɗannan biyun.

1.0 Gabatarwa

A cikin manyan ƙasashe masu arziki, Amurka ce ta fi kowa kashe kuɗi a kan lafiya, kuma ita ce ba ta da tsarin da ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa inshora. A 2023 ta kashe dala tiriliyan 4.9, wato kashi 17.6 cikin 100 na dukan abin da tattalin arzikinta ya samar. Lokacin da Barack Obama ya hau mulki a 2009 kuwa, alƙaluman hukumar ƙidaya sun nuna mutum miliyan 46 ba su da inshora kowace iri.

Ba zama aka yi aka tsara wannan yanayi ba, tarihi ne ya haife shi. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni masu neman ma'aikata suka koma jan hankalinsu da inshorar lafiya. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a ɗora haraji a kan wannan alfarma, daga nan inshora ta manne da wurin aiki, har yau kusan rabin Amurkawa ta wannan hanya suke samunta. Shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshorar ƙasa a 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta yi masa ca, tana cewa gurguzu ne. Sai a 1965 Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Medicare domin 'yan shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin wasu rukunan talakawa.

Waɗanda aka bari a tsakiya su ne masu sana'ar kansu, da ma'aikatan ƙananan kamfanoni, da wanda ya rasa aiki bai kai shekarun Medicare ba. Irin wannan mutum shi kaɗai yake shiga kasuwa, kuma kafin 2014 kamfani yana da ikon ƙin karɓarsa idan yana da ciwon suga ko ya taɓa yin ciwon daji, ko ya tsawwala masa kuɗin zubi. A kan wannan kasuwa ce aka yi rigimar da muke nazari.

2.0 Asalin shawarar

Mutumin da aka fi dangantawa da ita shi ne Jacob Hacker, masanin kimiyyar siyasa, wanda ya fara zayyana ta a 2001, ya kuma fitar da cikakken tsarinta a 2007. Tunaninsa ya taso ne daga darasin faɗuwar shirin Bill Clinton na 1993 zuwa 1994: Ba'amurken da yake da inshora a wurin aiki ba ya son a taɓa masa ita, ko da yana ƙorafi a kanta. Tsari irin na Kanada, inda gwamnati kaɗai ke biyan kuɗin asibiti da likita, zai buƙaci a raba mutane sama da miliyan 150 da abin da suka saba, kuma babu majalisar da za ta yi wannan. Shawarar Hacker ita ce a bar kowa da abin da yake da shi, a buɗe sabuwar inshora mai kama da Medicare ga wanda ba shi da ita, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da kamfanoni. John Edwards ne ya fara ɗaukar ta a yaƙin neman takarar jam'iyyar Democrat a 2007, Hillary Clinton da Obama suka bi sahu.

Tun daga nan shawarar ta zo da fuska biyu. Ga masu ra'ayin sauyi, ƙofa ce da za a bi sannu a hankali har a kai ga tsarin Kanada, domin sun yi imanin jama'a za su zaɓi ta gwamnati da ƙafarsu. Ga masu sassaucin ra'ayi kuwa ana cewa ƙaramin abu ne, ƙarin mai gasa ɗaya kawai. A jawabinsa ga majalisun biyu a watan Satumba na 2009, Obama ya ƙiyasta cewa waɗanda za su shiga ba za su kai kashi 5 cikin 100 na Amurkawa ba. Abokan hamayya suna jin maganganun nan biyu, kuma ba su yi kuskure ba da suka tambayi wacce ce ta gaskiya.

3.0 Hujjojin ɓangarori biyu

Masu goyon baya sun kafa hujja da cewa kasuwar ba ta da gasa ta haƙiƙa. A jihohi da yawa kamfani ɗaya ko biyu ne suka mamaye ta, galibi daga dangin Blue Cross. Suka ce inshorar gwamnati ba ta neman riba, ba ta kashe kuɗi mai yawa a talla, ba ta ɗaukar ma'aikata domin tace masu neman shiga, don haka kaso mafi girma na zubi zai tafi ga magani. Suka ƙara da cewa za ta zama ma'auni: idan ta iya sayar da inshora da rahusa, dole kamfanoni su sauko ko su rasa masu saye.

Masu adawa, wato ƙungiyar kamfanonin inshora da 'yan Republican da wani ɓangare na asibitoci da likitoci, suka ce babu adalci a gasar da alƙalin wasa ya shiga fili yana buga ƙwallo. Gwamnati ce ke kafa doka, ita ke karɓar haraji, kuma ba za ta bar kamfaninta ya karye ba ko da ya yi asara. Suka ce idan ta biya asibitoci ƙasa da abin da suke kashewa, asibitocin za su fanshe a kan masu inshorar kamfanoni, zubin waɗannan ya hau, su gudu zuwa ta gwamnati, a haka har kasuwar ta ƙare.

Alƙalumman da aka fi yawo da su a lokacin sun fito ne daga cibiyar Lewin Group a watan Afrilu na 2009. Ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 119 za su iya barin inshorar kamfanoni. Masu goyon baya suka yi saurin tunatar da jama'a cewa cibiyar mallakin UnitedHealth ce, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin inshora, kuma gaskiya ne. Amma ni a ganina an tsaya a kan mai rahoton an bar abin da ke cikinsa. Miliyan 119 ɗin nan ya rataya ne a kan sharaɗi biyu: a buɗe inshorar ga dukan ma'aikatu manya da ƙanana, kuma ta biya asibitoci da farashin Medicare. Da aka taƙaita masu shiga, aka kuma ce ta biya farashin da kamfanoni ke biya, sai adadin ya faɗo zuwa wajen miliyan 10. Inshora ɗaya ce, mai ita ɗaya ne, amma tazarar ta haura mutum miliyan 100, kuma ƙa'idojin shiga da farashi ne suka haifar da ita.

4.0 Farashin asibiti

Medicare ba ta ciniki da asibiti. Tana fitar da jadawalin farashi ne, asibiti ya karɓa ko ya haƙura da tsofaffin ƙasar gaba ɗaya, abin da kusan babu asibitin da zai iya. Kamfani mai zaman kansa kuwa sai ya zauna ya yi ciniki, kuma a garin da babban asibiti ɗaya ne, asibitin ne ke da bakin magana. Binciken da cibiyar RAND ta yi a kan kuɗaɗen 2022 ya nuna cewa inshorar kamfanoni tana biyan asibitoci kashi 254 cikin 100 na abin da Medicare za ta biya a kan aiki iri ɗaya, wato ninki biyu da rabi. Ribar kamfanonin inshora da kuɗin gudanarwarsu, waɗanda aka fi zagi a 2009, ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da wannan tazara. Dokar lafiya da Obama ya sa wa hannu a 2010 ma ta ɗaure su da cewa kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na zubi ya tafi ga magani, kuma zubi bai daina hawa ba.

Saboda haka duk rahusar da inshorar gwamnati za ta iya kawowa, mafi yawanta daga aljihun asibitoci da likitoci za ta fito. 'Yan majalisa sun fahimci wannan sarai. A Majalisar Wakilai, masu ra'ayin sauyi sun so a ɗaure farashin da na Medicare, a ƙara wa likitoci kashi 5 cikin 100. 'Yan Democrat masu ra'ayin riƙau, da yawansu daga yankunan karkara, suka ƙi, domin asibitocin mazaɓunsu suna kukan cewa Medicare ba ta biyan su yadda ya kamata, kuma a ƙaramin gari asibiti yakan zama babban mai ɗaukar ma'aikata. Shugabar majalisar, Nancy Pelosi, ba ta samu ƙuri'un da take buƙata ba, sai aka koma cewa sakatariyar lafiya za ta yi ciniki da asibitoci kamar kowane kamfani.

Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa, wanda ba ya ɓangaren kowace jam'iyya, ya duba wannan sigar a ƙarshen Oktoba na 2009. Ya ce wajen mutum miliyan 6 ne za su shiga, kuma zubinta zai ɗan fi matsakaicin na kamfanoni tsada. Dalilansa uku ne: farashin da za ta biya bai bambanta da nasu ba, ba za ta matsa wajen tace buƙatun magani kamar yadda suke yi ba, kuma marasa lafiya za su fi karkata gare ta. Rangwamen kuɗin gudanarwa bai isa ya cike wannan giɓi ba. Wannan sigar ce majalisar ta amince da ita ranar 7 ga Nuwamba, 2009, da ƙuri'a 220 a kan 215.

A nan ne nake ganin kalmar gasa ta rufe ainihin maganar. Inshorar gwamnati mai ƙarfi tana yin nasara ne saboda hukuma ta yanke farashi, wanda kamfani ba shi da ikon yi. Wadda aka cire wa wannan iko kuwa ba ta da wani makami da ya wuce na abokan gasarta. Abin da ake jayayya a kai a zahiri shi ne ko gwamnati za ta ƙayyade farashin asibiti, tambayar da 'yan siyasar Amurka ba sa son furtawa a fili. Abin lura, akwai jihar da ta amsa ta kai tsaye: tun shekarun 1970 Maryland take da hukumar da ke yanke farashin asibiti, kowace inshora ta biya daidai da sauran, har da Medicare, ba tare da jihar ta buɗe kamfanin inshora ba.

5.0 Wa zai ɗauki marasa lafiya?

Kuɗin magani ba ya rabuwa daidai a tsakanin jama'a. A Amurka, kashi 5 cikin 100 na mutane su ke cin kusan rabin abin da ake kashewa a shekara, rabin jama'a kuwa abin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Ma'anar wannan ga kamfanin inshora a bayyane take. Hanya mafi sauƙi ta cin riba ita ce kauce wa waɗancan kashi 5 ɗin, kuma ta fi rage farashi ko kyautata aiki sauƙi nesa ba kusa ba. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya nuna tun 1963 cewa kasuwar lafiya ba ta bin ƙa'idojin kasuwar sauran kayayyaki, Michael Rothschild da Joseph Stiglitz suka nuna a 1976 cewa kasuwar inshora tana iya kasa daidaituwa ɗungurungum idan mai saye ya fi mai sayarwa sanin halin jikinsa.

An ga wannan a aikace a Jami'ar Harvard. A 1995 jami'ar ta sauya tsari, ta ce za ta ba kowane ma'aikaci tallafi daidai, wanda ya zaɓi inshora mai tsada ya cika daga aljihunsa. Matasa masu lafiya suka fice daga inshorar da ta fi faɗi, aka bar tsofaffi da masu jinya, zubinta ya hau, wasu suka ƙara ficewa, cikin shekara uku aka rufe ta. David Cutler da Sarah Reber sun rubuta labarin a 1998. Babu wanda ya yi zamba a ciki, kowa ya bi abin da ya fi masa ne.

Inshorar gwamnati ta fi kowa fuskantar wannan haɗari, domin ba ta iya korar kowa, kuma mai ciwo yakan fi natsuwa da ita. Chile ce misali mafi bayyana. A 1981, zamanin Pinochet, aka ba ma'aikaci zaɓi ya kai kason lafiyarsa na albashi, wanda daga baya ya tsaya a kashi 7 cikin 100, ko dai asusun gwamnati na FONASA ko kamfanonin da ake kira ISAPRE. A lokacin kamfanonin suna da ikon sa farashi bisa shekaru da jinsi, suna kuma tace masu tsohon ciwo. Sakamakon shi ne matasa masu albashi mai tsoka, musamman maza, suka taru a kamfanoni, mata masu shekarun haihuwa suna biyan ninki, mutum kuma idan ya tsufa zubi ya fi ƙarfinsa sai ya koma FONASA, wadda take ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kotun tsarin mulki ta soke wani ɓangare na wannan bambanci a 2010, kotun ƙoli kuma ta umarci kamfanonin a 2022 su mayar da kuɗin da suka karɓa fiye da ƙa'ida, hukuncin da ya jefa su cikin mawuyacin hali.

Ireland ta bi wata hanya. Kamfanin gwamnati na VHI, wanda aka kafa a 1957, shi kaɗai ne a fili har tsakiyar shekarun 1990, lokacin da BUPA, mai zaman kanta, ta shigo. Doka ta ce zubi ɗaya ne ga yaro da babba, to amma sabon shiga ya fi samun matasa, tsofaffi suna nan a VHI inda suka saba. Da gwamnati ta ce BUPA ta riƙa biyan VHI kuɗin daidaita nauyi, sai BUPA ta sanar a Disamba 2006 cewa ta bar ƙasar. Kotun ƙoli ta rushe tsarin a 2008, aka yi ta gyara har aka samu tsayayye a 2013. Darasin da ke nan mai ɗaci ne ga ɓangarorin biyu: da aka ce a raba nauyin tsofaffi, ɗan kasuwar ya ga babu sauran riba a gasar.

Jamus ta zaɓi gina katanga. Kusan kashi 90 cikin 100 na jama'a suna cikin asusun doka da ya samo asali daga zamanin Bismarck a 1883. Mai albashin da ya haura wani mizani, Yuro 69,300 a shekara a 2024, da mai sana'ar kansa da ma'aikacin gwamnati, su ne ke iya komawa kamfani, kuma wanda ya kai shekara 55 a can da ƙyar doka take barinsa ya dawo. An yi haka ne domin kada mutum ya ci rahusar ƙuruciya a kamfani ya kawo tsufansa asusun jama'a.

Amurka kanta tana da nata gwajin, a cikin Medicare. Tsoho yana iya zama a tsarin gwamnati na asali ko ya koma Medicare Advantage, inda gwamnati ke biyan kamfani kuɗi a kan kowane mutum. Tun 2023 fiye da rabin masu cancanta suna hannun kamfanoni. Akwai tsarin daidaita nauyi, wanda ke ƙara wa kamfani kuɗi gwargwadon cututtukan da aka rubuta wa mutum. Duk da haka, hukumar da ke ba majalisa shawara a kan Medicare ta ƙiyasta a 2024 cewa ana biyan kamfanonin kashi 22 cikin 100 fiye da abin da mutanen nan za su ci a tsarin asali, wajen dala biliyan 83 a shekara. Ta danganta hakan da cewa masu komawa kamfani sun fi lafiya, kuma kamfanoni sun fi ƙwazo wajen rubuta cuta a takarda. Idan ƙasa mai irin wannan tarin bayanai da ƙwararru ta kasa auna nauyin majinyaci daidai, to wanda ya ce tsarin daidaita nauyi zai warware matsalar cikin sauƙi yana da sauran bayani.

6.0 Mutuwarta a Majalisar Dattawa da dawowarta a jihohi

Ko sigar da aka raunana ba ta tsallake Majalisar Dattawa ba. Kwamitin kuɗi na Max Baucus ya yi watsi da gyare-gyare biyu na Jay Rockefeller da Chuck Schumer masu neman kafa inshorar gwamnati a ƙarshen Satumba na 2009. Sanata Olympia Snowe ta kawo shawarar a jingine inshorar sai idan kamfanoni sun kasa sauke farashi, Sanata Harry Reid ya kawo wadda jiha za ta iya cewa ba ta so. Ƙa'idar majalisar tana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, kuma 60 ɗin cif 'yan Democrat suke da su, don haka kowane sanata ɗaya yana iya tsayar da komai. Joe Lieberman na Connecticut, jihar da birninta Hartford ya shahara da kamfanonin inshora, ya ce ba zai bari ta wuce ba. Ya kuma ƙi madadin da aka kawo na barin 'yan shekara 55 zuwa 64 su sayi Medicare. Aka cire duka biyun, majalisar ta amince da ƙudurin dokar lafiya ranar 24 ga Disamba da ƙuri'a 60 a kan 39, Obama ya sa hannu ranar 23 ga Maris, 2010.

Abin da aka saka a gurbinta shi ne shawarar Sanata Kent Conrad ta ƙungiyoyin inshora na gama-kai marasa neman riba. An kafa 23 da rancen gwamnati na wajen dala biliyan 2.4, kuma cikin 'yan shekaru mafi yawansu suka ruguje. Ba su da ikon yanke farashi, ba su da girman da za su yi ciniki da shi, sun sa zubi ƙasa suka jawo masu jinya, sannan majalisa ta taƙaita kuɗin da aka yi alkawarin cike musu asara da shi. Rashin neman riba shi kaɗai bai cece su ba.

Joe Biden ya yi yaƙin neman zaɓe da shawarar a 2020, amma ba ta je ko'ina ba a majalisa. Jihohi ne suka ɗauka. Washington ta yi doka a 2019, aka fara sayarwa a 2021. An faro da niyyar biyan farashin Medicare, kafin dokar ta fita an ɗaga rufin zuwa kashi 160 cikin 100. Ko a hakan asibitoci da yawa suka ƙi shiga, domin ba a tilasta musu ba, shekarar farko a gundumomi 19 cikin 39 kawai aka samu inshorar, kuma a wurare da dama ba ita ce mafi araha ba. Sai da aka sake doka mai tilasta wa asibitoci shiga kafin ta bazu. Colorado ta yi tata dokar a 2021, ta umarci kamfanoni su sauke zubi da kashi 5, sannan 10, sannan 15 cikin shekara uku daga 2023, tare da bai wa kwamishinan inshora ikon yanke farashin asibiti idan aka kasa. Nevada ma ta yi doka a 2021, da nufin farawa a 2026. A dukan jihohin uku, kamfanoni masu zaman kansu ne ke gudanar da inshorar da ake kira ta gwamnati. Abin da jiha ta riƙe a hannunta shi ne ƙa'ida da farashi.

7.0 Inda maganar ta shafi Nijeriya

Yanayinmu ya bambanta ƙwarai, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita a bakin asibiti, kuma masu inshora kowace iri 'yan tsiraru ne. Sai dai dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta maye gurbin ta 1999, ta wajabta inshora a kan kowa, ta ba tsare-tsaren jihohi irin na Kano da Kaduna babban matsayi, ta tanadi asusun marasa galihu, kamfanonin inshora masu zaman kansu na HMO kuma suna nan suna sayar da nasu ga bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai. Wato zaman tare da aka gwada a Chile ya fara kafuwa a nan, kuma layin rabuwar a bayyane yake: ma'aikaci mai albashi mai kyau a gefe ɗaya, mai ciki da yaro da tsoho da manomi a ɗaya gefen.

Tambayar farashi ma ta riga ta iso, sai dai ta juyo da baya. Inshorar gwamnati a Amurka ana tsoron ƙarfinta ne, a nan kuwa asibitoci sun daɗe suna kukan cewa naira 750 da aka yi shekaru ana biyan su a kan kowane mutum a wata ba ta sayen magani, kafin a ƙara kuɗin a 'yan shekarun nan. Medicare tana iya yanke farashi saboda tana riƙe da majinyatan da asibiti ba zai rayu ba sai da su, kuma tana biya a kan lokaci. Hukumar jiha da ke da 'yan dubban masu rajista, a garin da yawancin majinyata ke biya da tsabar kuɗi, ba ta da wannan matsayi, asibiti yana iya karɓar katinta a takarda ya ce wa mai katin maganin ya ƙare. Binciken da ya kamata ɗalibanmu na tattalin arzikin lafiya su fara da shi shi ne tattara abin da hukumomin jihohi da kamfanonin HMO suke biya a kan aiki iri ɗaya, kamar tiyatar haihuwa ko wankin ƙoda, a asibiti ɗaya, da tsawon lokacin da kowannensu ke ɗauka kafin ya biya, da shekaru da jinsin waɗanda ke cikin rajistar kowanne.